KADA MU YI IHU BAYAN HARI: WA ZAI AMSA KIRAN WAƊANDA MUKA BARI A GIDA?



Duk shekara, da ruwan farko ya sauka, masu ƙarfi a cikinmu sukan kaɗa garke su nufi arewa domin su ba gonaki wuri. Idan kaka ta yi, hukuma ta sanar da ranar sakin gonaki, sai a juyo kudu, wasu ma har su ƙetare iyaka. Haka nan ɗan kasuwar bisashe, yau yana Dakwaro, gobe Sabon Mashi, jibi Tunfafi ko Mai'aduwa, wani lokaci ya bi mota har Legas, ya yi sati biyu bai kwana ɗakinsa ba. Kafin a tashi mukan ƙirga shanu, mu yi musu allura, mu nemi takardu, mu tanadi kanwa da guzuri. Abin da ba mu cika zama mu tattauna ba shi ne halin waɗanda muke bari a baya, wato tsohon da ƙafa ta gaza, da tsohuwar da ido ya yi wa rauni, da mace mai tsohon ciki, da yara ƙanana, da ƴan shanun tatsa da aka bar musu. Idan wani abu ya same su da tsakar dare, wa za su kira? In sun yi kiran, wa zai zo, kuma bayan awa nawa?

Ra'ayinmu a wannan fili shi ne, lokaci ya yi da kowane mazaunin makiyaya zai kasance da tsararriyar hanyar neman agaji, wadda mu da kanmu za mu kafa mu riƙe tare da maƙwabtanmu manoma, sa'an nan hukuma da kamfanonin waya su cika nasu rabon. Ga dalilanmu.

ABIN DA WASU ƘASASHE SUKA YI

A Turai da Amurka, inda tsofaffi da yawa ke zaune su kaɗai a gida, an daɗe da fuskantar wannan tambaya. A shekarar 1974 wani malamin jami'a a birnin Boston mai suna Andrew Dibner ya kafa kamfanin Lifeline domin taimakon tsohon da ya faɗi a ɗaki ya kasa kai hannu ga wayar tarho. Abin da aka ƙera ɗan maɓalli ne da bai fi laya girma ba, ana rataya shi a wuya ko a ɗaura shi a hannu kamar agogo. Da mutum ya danna, sai wani akwati da ke cikin gidan ya buga waya da kansa zuwa wani ofishi inda ma'aikata ke zaune dare da rana. Ma'aikacin zai yi magana da tsohon ta lasifika. In ya amsa, sai a ji damuwarsa. In an ji shiru, sai a buɗe takardarsa, wadda ke ɗauke da sunan ciwonsa, da maganin da yake sha, da sunayen maƙwabta ko dangi masu riƙe da makullin gidan. Su ake fara kira, in abin ya fi ƙarfinsu a turo motar asibiti. An kuma sa wa na'urar wani agogo, wanda in lokacin da aka tsara ya wuce mai gidan bai taɓa ta ba, sai ta yi kiran da kanta, don mai yiwuwa ne ya suma.

A Faransa manoma ne suka ɗauki nauyin abin a karkara. Asusun taimakon juna na manoma, wato MSA, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Présence Verte a 1987 saboda iyayensu da ke zaune a gonaki masu nisa da juna. Kuɗin irin wannan hidima a can yakan kama kimanin Yuro 20 zuwa 30 a wata, wato wajen jika 13 zuwa 20 a kuɗinmu, kuma gwamnati na mayar wa mutum rabin kuɗin ta hanyar haraji. Duk da haka, a zafin da aka yi a watan Agusta na 2003 mutane wajen 15,000 suka rasu a ƙasar, mafi yawansu tsofaffi, wasu sai bayan kwanaki aka tarar da su a ɗaki. Bayan wannan rashi aka yi doka a 2004 wadda ta ɗora wa kowane magajin gari ya ajiye rajistar tsofaffi da naƙasassu masu son a riƙa tuntuɓarsu idan haɗari ya taso.

Ba muna cewa a sayo mana waɗannan na'urori ba ne. An yi su ne domin gida mai lantarki da adireshi da titin mota har ƙofa. Darasin da ke ciki shi ne abin lura. Maɓallin shi ne mafi araha a cikin tsarin duka. Abin da ke ceton rai shi ne akwai wanda bai yi barci ba yana sauraro, akwai takarda mai sunayen waɗanda za a tasa, kuma waɗanda aka rubuta ɗin sun amince tun farko za su tashi. Waɗannan abubuwa ba su fi ƙarfinmu ba, don kuwa kakanninmu sun san su. A da idan aka ji kururuwa ko aka buga gangi, babu namijin da zai ci gaba da kwanciya. Abin da ake kira gudummawa ke nan tun asali, mutane su rugo da ƙafarsu zuwa inda ake ihu. Yanzu mazaunanmu sun warwatsu, gonaki sun shiga tsakani, matasa sun tafi cin rani ko haƙar zinariya, tsoro kuma ya sa kowa ya ja ƙofarsa. Muryar mutum ba ta ƙara isa inda take isa a da.

ABIN DA KE SAMUN GIDAJENMU

Idan aka ce tsaron gida, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne ɓarayin shanu da masu sace mutane don kuɗin fansa. Gaskiya ne. Jama'ar Madarunfa da Gabi da Gidan Rumji, da na kewayen dajin Babban Rafi, da na bakin iyakar Ƙonni da Madawa, sun san abin da ke ƙetarowa daga dazuzzukan Zamfara da Katsina da Sakkwato. A 2019 dubban mutane suka gudo daga can suka sami mafaka a jahar Maraɗi. Ɓarawo ba ya faɗa wa gida sai ya bincika, ya san ranar da maza suka tafi, ya san gidan da babu mai kai masa ɗauki.

To amma ba ɓarawo kaɗai ke kashe mu ba. Daga watan Oktoba, da ciyawa ta bushe iskar hunturu ta taso, gobarar daji kan cinye makiyayar da za ta riƙe garke har bazara a yankunan Barmo, Gadabeji, Abalak, Cintabaradan da Tanut. Wutar da mutum goma za su kashe da rassa a awar farko, in ta kwana sai dai a tsaya kallo. Kububuwa kan sari yaro a bakin turke, a ɓata yini ana jiƙe-jiƙe alhali maganin dafi na gidan likita. Mace kan fara zubar da jini bayan haihuwa, kuma wannan abu ne da ke iya kashewa cikin awa biyu. Gwamnati ta ɗauke kuɗin aikin fiɗa ga mai naƙuda tun 2005, ta ɗauke na maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006, amma ina amfanin wannan ga matar da ba a sami abin hawan kai ta ba? Tsoho kan zame a bakin rijiya, ko hawan jini ya kayar da shi a bukka, ba a sani ba sai an ga maruƙa na kuka ba a kwance su ba.

Akwai kuma wanda ya fi waɗannan muni, wato fitinar da ke tashi daga ƙaramin saɓani. Ba za mu manta da Toda ba. A ƙarshen watan Oktoba na 1991, lokacin da ake Babban Taron Ƙasa a Yamai, rigima tsakanin manoma da makiyaya a yankin Gidan Rumji ta kai ga kashe mutane sama da 100, mafi yawansu mata da yara. Ba mu tuno wannan don tayar da tsohon miki ba. Mun tuno shi ne domin waɗanda suka mutu su ne irin mutanen da ake bari a gida, kuma tsakanin farkon rigima da zubar jini akwai lokacin da, da labari ya isa kunnen sarki da jandarma da dattawan ɓangarorin biyu, wataƙila da an tare abin. A wancan zamani babu salula. Yau muna da ita, saboda haka uzurinmu ya ragu.

ABIN DA MUKE DA SHI A HANNU

Da wuya yanzu ka sami ruga ko zango da babu waya ko ɗaya. Kamfanoni huɗu ne ke aiki a Nijar: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecom. Ƙaramar salula mai maɓalli takan yi kwanaki ba a caja ta ba, tana ɗaukar layi biyu, tana da tocila da rediyo. Ƙaramin faifan hasken rana ya isa ya caja ta. Ƙungiyoyi sun san tsarin nan na fulot, inda ake biyan kuɗin wata a riƙa kiran juna ba tare da sayen kati ba.

Ta fuskar tsari ma ba daga ƙasa za mu fara ba. Muna da arɗo da rugga, muna da garso mai duba hanya da ruwa kafin garke ya taso, muna da lame a wajen mata. Ƙungiyar AREN tana nan tun 1990. A 2003 ita da CRUS ta Burkina Faso da Tassaght ta Mali suka kafa haɗakar Billital Maroobe, wadda ke da wakilai masu aiko da labarin ciyawa da ruwa da farashi da motsin garkuna. Hidimar Garbal da aka fara a Mali a 2017, daga baya ta shigo Burkina Faso da Nijar, tana ba makiyayi labarin makiyaya da kasuwa ta waya. Ƙasa na da hukumar gargaɗin gaggawa tun 1989, da kwamitocinta na ƙauyuka da ake kira SCAP/RU. Gidajen rediyon karkara, waɗanda aka fara da na Bankilare a 1999, sun bazu ko'ina.

Sai dai duk waɗannan suna duba garke ne da yunwa da fari. Labarinsu na tafiya ne sati-sati ko wata-wata. Babu wanda aka tsara domin tsohuwar da ke buƙatar taimako cikin minti talatin. Wannan giɓi ne muke son a cike.

SHAWARAR DA MUKE KAWOWA

Na ɗaya, rajista. Kafin a tashi, rugga da lame da mai gari su zauna su rubuta gidajen da za a bari, da wanda ke cikinsu, da mai ciwo, da mai ciki da watan haihuwarta. Kowane gida a rubuta masa mutum uku da za a kira. Ɗaya daga cikinsu ya kasance mai babur ko amalanke, ɗaya kuma ya kasance daga ƙauyen manoma mafi kusa. A tambayi kowannensu a gaban jama'a ko ya yarda, don kada ranar buƙata ya ce bai sani ba.

Na biyu, wayar gida. Al'adarmu ita ce waya na aljihun mai gida, in ya tafi ta tafi. A sayi ƙarama a bar ta a gida, a sa mata igiya a rataya wa tsoho ko uwar gida a wuya. A shirya ta yadda danna lamba ɗaya a riƙe zai buga wa wanda aka zaɓa, don wanda bai yi karatu ba, ko ido ya gaza, ba zai iya laluben suna cikin duhu da firgita ba. A gwada a gabansa sau da yawa har hannunsa ya saba. Kuɗin da ke cikinta na gaggawa ne, kada jikoki su ƙarar da shi wajen gaisuwa.

Na uku, kada a dogara ga waya kaɗai. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a duk jihar Zamfara, daga baya aka haɗa da wasu sassan Katsina da Sakkwato, aka yi makonni da dama haka. A wurare da yawa a ƙasarmu ma sai an hau tudu ko bishiya ake samun layi. Saboda haka kowane gida ya mallaki usur, a kuma yi yarjejeniya kan busa: iri kaza wuta ce, iri kaza ciwo ne, iri kaza a ɓuya ne kada kowa ya fito. Yara su san tudun da ake samun layi, su san hanyar zuwa can da dare. Kare da zabi da shingen ƙaya da ƙararrawa a wuyan jagorar shanu har yanzu suna aikinsu, kada sabon abu ya sa a yar da su.

Na huɗu, gaisuwar safe. Kowace safiya wanda aka ɗora wa gidan ya buga ko ya leƙa. In an buga sau uku ba a ɗauka ba, sai a tashi a je. Wannan shi ne agogon na'urar Turawa, mu kuma namu na zumunci ne.

Na biyar, mai sauraron dare. A kowane yanki reshen ƙungiya ya ajiye waya ɗaya da ba a kashewa, a riƙa karɓa-karɓa sati-sati. Mai riƙe da ita ya kasance yana da lambar shugaban jandarmomin yankin, da ta malamin asibiti, da ta ma'aikacin gandun daji, da ta malamin dabbobi, da ta sarki. Ya ajiye littafi ya rubuta lokacin da aka kira shi, da wanda ya sanar, da lokacin da aka zo. Littafin nan shi ne hujjarmu ranar da za mu zauna da hukuma.

Na shida ya shafe ku ne, dillalai da fatake. Saniyar sata ba ta da amfani ga ɓarawo sai ta zama kuɗi, kuma a hannun wani daga cikinmu take zama kuɗi. In aka kore shanu da dare, kafin hantsi ya kamata shugabannin dillalan kasuwannin da ke kewaye su sami labarin yawansu da launinsu da ƙahonsu da shaidar kunne ko ta wuta, da hoto in akwai. Kowane mai garke ya ɗauki hoton shaidarsa ya ajiye a ofishin reshe tun lafiya lau. Dillalin ƙwarai ya san saniyar da aka kawo da asuba, babu mai masauki, ana neman rabin kuɗinta. Wanda ya saye ta ya sani cewa kuɗinsa ne zai sayi harsashin da za a shiga gidan wani da shi, kuma watarana gidan nasa ne.

Na bakwai, asusu. Man babur da kati da batir duk kuɗi ne. Muna ba da shawarar a cire dala 20 kan kowace saniya ko raƙumin da aka sayar, dala 5 kan tunkiya ko akuya, da yardar kwamitin kasuwa. A riƙa karanta lissafin a bainar jama'a duk wata, domin mun sha ganin asusun da ya mutu saboda mutum ɗaya ne ya san abin da ke ciki. Jama'ar da ta gaji haɓɓanaye, wato ba ɗan uwa aron saniya har ta haifa masa, ba sai an koya mata taimakon juna ba.

MASU JA DA WANNAN MAGANA

Mun san akwai masu cewa wannan hanya ce ta jawo wa kai suna ɗan rahoto. Tsoronsu na da tushe, don an kashe mutane a kan zargin sun kai labari, kuma akwai makiyayan da suka je kai ƙara aka tsare su a matsayin waɗanda ake tuhuma. Amsarmu ita ce a kafa abin a fili, a gaban sarki da manoma da hukuma, kowa ya san na ciwo ne da wuta da haihuwa da sata baki ɗaya. Sunan wanda ya yi kira kuwa ya tsaya wurin mai sauraro, kada ya shiga bakin kasuwa. Shirun da muke yi ma bai tsare mu ba, sai dai ya ba masu zarginmu da haɗa baki da ɓarayi abin faɗa.

Wasu na tsoron jita-jita, kuma su ma suna da gaskiya. Muryar WhatsApp guda ɗaya, ko tsohon hoton wata ƙasa, na iya tayar da gari. Don haka dole a sa ƙa'ida. Saƙon gaggawa ya faɗi abin da ido ya gani, da wurin, da lokacin, da yawan mutane ko bisashe. Kada a ambaci ƙabila, kada a kama sunan wanda ba a gani da ido ba. Mai sauraro kaɗai ke da izinin watsa saƙo, shi ma sai ya tabbatar daga bakin mutum na biyu. Wanda ya yi kiran ƙarya da gangan a ci shi tara a gaban dattawa.

Akwai masu cewa a bar wannan wahala a sayi bindiga. Mu duba Zamfara. Ƴan sa-kai sun tashi ne da sunan kare ƙauyuka, sai aka shiga kashe mutane a kasuwa kan zato, ramuwa ta biyo ramuwa, har ta kai manomi bai iya zuwa gona, makiyayi bai iya zuwa kasuwa. Masu amsa kiranmu aikinsu kashe wuta ne, da ɗaukar marar lafiya, da sanar da hukuma, da nuna sawu. Bin ƴan bindiga daji aikin masu kaki ne. Wanda aka kama da sata a miƙa shi ga shari'a da ransa da lafiyarsa.

Wasu kuma na cewa mafita ita ce a kwashe tsofaffi a kai su gari wurin ƴaƴansu. Wanda ya faɗi haka bai san tsohon makiyayi ba. Mutumin da ya yi shekara 70 yana tashi da kukan maraƙi, ka kulle shi a ɗakin haya a Maraɗi ko Tawa, ka sa shi jiran a ba shi kuɗin goro, ka rage masa kwana. Muradinsa ya zauna a wurinsa, ya sha nonon saniyarsa, ya yanke shawarar gidansa. Akwai kuma wani abin. Ƙa'idojin dokar karkara ta 1993 sun amince wa makiyayi da haƙƙin fifiko a mazauninsa na asali, kuma zaman tsofaffin nan shi ne babbar shaidar cewa wurin yana da masu shi. Mazaunin da aka watse aka bari, kafin shekara biyu sai ka tarar an nome shi. Tsare tsoho a wurinsa tsare ƙasar kiwo ne.

Ga masu cewa Allah ne mai tsarewa, mun amsa, babu shakka. Malamanmu kuma sun karantar da mu cewa tawakkali bai hana mutum ɗaure raƙuminsa ba.

KIRA GA HUKUMA DA KAMFANONI

Dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta tabbatar cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, kuma gwamnati ce mai lamunce shi. To, haƙƙin tafiya bai cika ba in mai tafiyar bai da kwanciyar rai game da gidansa. Bisa ga haka muna roƙo kamar haka.

Lambobin gaggawa na 17 da 18 da 15 na mutanen birni ne. A samar wa karkara gajeriyar lamba kyauta da ke shiga ta kowane layi, ko babu kuɗi a waya. Tunda kundin ƙasa na 2025 ya ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa, kada a amsa wa tsohuwa da Faransanci. A sa masu jin Hausa da Fulatanci da Tamajak da Zabarmanci da Barbarci da Tubanci da Larabci.

Hukumar ARCEP da kamfanonin waya su dubi burtalai da manyan rijiyoyi da tashoshin famfo da kasuwannin bisashe idan za a kafa sabbin eriya. Ƙidayar ƙauyuka ba ta nuna yawan mutanen da ke taruwa a mashaya da rani, ko a Ingal lokacin bikin gishiri.

A wuraren da dokar ta-ɓaci ta hana hawan babur, kamar yadda aka yi a Difa a 2015 da Tilaberi a farkon 2020, a ware wa kowane yanki abin hawa mai rajista da alama domin ɗaukar marar lafiya.

A sa wakilan makiyaya, maza da mata, cikin kwamitocin SCAP/RU da na filaye. Wanda ya kawo rahoto a karɓe shi a matsayin mai taimako. Bisashen da aka ƙwato a sanar ta rediyo, a mayar wa masu su bisa shaida ba tare da wahalarwa ba.

Game da iyaka, Nijar ta fita daga CEDEAO a watan Janairu na 2025, amma saniya da ɓarawonta ba su san wannan ba. A raya yarjejeniyar kiwo da jahar Maraɗi da jihar Katsina suka sa wa hannu a 2017, a kuma bar shugabannin kasuwannin ɓangarorin biyu su riƙa musayar labarin shanun sata a rana ɗaya.

Ƴan uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Biyar daga cikin shawarwarin nan ba sa jiran sa hannun kowa, zama ɗaya a ƙarƙashin bishiya ya isa a fara su. Muna kira ga kowane reshe ya sa wannan magana a taronsa na gaba, ya gayyaci mai gari da limami da matan ruga, a rubuta sunaye, a gwada wayoyi, a busa usur yara su ji. Reshen da ya fara ya aiko mana da labarin abin da ya yiwu da abin da ya gagara, mu buga a wannan fili domin saura su ƙaru.

Allah ya tsare mana iyayenmu da iyalanmu, ya albarkaci garkunanmu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Amin.